Bi Mwantumu, Amanar Matan Chumbageni

Duk wanda ya zauna a unguwar Chumbageni ta birnin Tanga ya san Bi Mwantumu, wato Uwargida Mwantumu, ba ta kunna akwatinta da sassafe. Tana idar da sallar asuba sai ta ɗora shayi, ta share tsakar gida, ta watsa wa kajinta tsaki, sannan ta shiga falo ta yaye zanen da ta lulluɓe akwatin da shi, ta ɗora tafin hannu a kansa kamar mai duba zazzaɓin jariri. In ta ji sanyi-sanyi, ta bar shi. Iskar tekun Tanga ba ta raga wa kayan wuta, in aka kunna shi da danshi a cikinsa sai ya cafke zaren kaset ya tauna. Sai rana ta ɗaga, ɗaki ya yi ɗumi, tukuna ta sa fulogi, ta yi bisimilla, ta jawo 'yar kujerarta gaban talabijin. Daga nan kuma ko kuka kike a ƙofar gida, sai dai ki shigo ki yi shi a gefenta, don ba za ta tashi ba.

Akwatin kansa ba wani abin kallo ba ne. Baƙi ne mai faɗi, da ƙofa biyu: ta hagu tana haɗiye kaset ɗin bidiyo irin na da, ta dama tana turo ɗan faranti a ɗora mata faifan DVD. Ɗanta Mbwana, mai aiki a jirgin ruwa, shi ya kawo mata tsaraba don ta riƙa rage zaman kaɗaici da kallo. Yana nuna mata maɓallan sai ya ce, "Mama, wannan jan kada ki taɓa shi. Shi ne ke kwashe abin da ke cikin kaset ya juye a faifai."

Ta ce, "Sake faɗa in ji."

Ya sake faɗa.

Ta ce, "To shi nake so ka koya mini. Sauran ka riƙe abinka."

Mbwana ya yi dariya, ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ita kuwa ta riga ta hango abin da mu duka muke kwana da shi a ƙarƙashin gado ba mu san yadda za mu yi da shi ba. A bikinmu ranar mata ta mata ce. Ana rufe ƙofa, a jibge mayafai a kusurwa, a baje gashi, a yi rawa har ƙugu ya yi tsami, kuma mace ce ke riƙe kyamara. Kowane gida akwai irin kaset ɗin nan. Da injinan bidiyo suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai kaset-kaset suka zama kaya. Akwai shaguna a cikin gari da ke juye su a faifai, yaran kirki ne kuma sun iya aikinsu, amma maza ne. Wace ce za ta ɗauki kan uwarta a buɗe, da na yayarta, da na matar maƙwabci, ta miƙa wa saurayi a shago? Ina! Gara su ruɓe. Kuma ruɓewar suke yi, sai ga Bi Mwantumu da jan maɓallinta.

Abu na farko da take yi wa kowane kaset, tun mai shi ba ta gama gaisuwa ba, shi ne ta sa farce ta ɓalle ɗan haƙorin nan na bayansa. Akwatin yana juyi ta kowane gefe, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa kaset, to in hannu ya kuskure sai ya shafe bikin mutum ƙarƙaf. Kaset da aka ɓalle wa haƙori kuwa ba ya karɓar sabon ɗauka. Sannan aikin ba ya yarda da gaggawa. In biki ya ci rabin yini a kaset, rabin yinin nan za ta zauna, ido a kan hoto, yatsa a kan maɓallin daidaitawa, don tsohon kaset yakan kama rawa, layuka su riƙa ratsa fuskokin mutane. In an kai ƙarshe sai ta rufe faifan, domin wanda ba a rufe ba a akwatinta kaɗai zai yi, in an kai shi wani gida sai ya yi gum.

Ku lissafa da kanku abin da idon baiwar Allahn nan ya gani a shekara da shekaru. Ta ga wadda zaninta ya kwance a tsakiyar fili. Ta ga wadda a yau take yi mana wa'azi a makarantar matan aure, a lokacin da ƙugunta ba ya jin kira. Ta ga harara tsakanin dangin ango da na amarya wadda har yau ba ta warke ba. Wallahi da ni ce da tuni cikina ya fashe. Ita kuwa ko tari ba ta taɓa yi da zancen wata ba. Aminiyarta Bi Chiku, mai tuyar wainar shinkafa da kwakwa a ƙofar gidan da ke kallon nata, ta yi juyin duniyar nan.

"Haba Dada Mwantumu, yayata, ko ɗan ƙanƙani mana. Malamar nan tamu, da gaske ne ta fi kowa girgiza?"

"Chiku, ina jin ƙauri. Je ki juya wainarki."

"Ke dai Allah ya yi ki da baƙar rowa!"

Bi Mwantumu, ke ce wadda muka miƙa wa kawunanmu a buɗe muka koma gida muka yi barci. Rumbun asirin mata, mai ido biyu ba baki. Ba mu taɓa ce miki ki rantse ba, ke ma ba ki taɓa ce mana mu yarda da ke ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar kaset ɗin Riziki.

A tsakiyar daminar bara wata matashiya mai suna Saumu, malamar firamare, ta yi sallama da wani abu ƙunshe a leda. Mahaifiyarta Riziki ta rasu tun Saumu tana 'yar ƙarama. Mahaifinta Mzee Shomari, wato Dattijo Shomari, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, bai sake aure ba. Kaset ɗin na ranar mata ne a bikin ƙanwar Riziki, kuma tun rasuwar Riziki yake ajiye a ƙasan akwatinsa, ƙarƙashin kayan Juma'a. Bai taɓa kallonsa ba, don ba nasa ba ne ya kalla. Hoton Riziki ɗaya tak da suke da shi kuwa danshi ya cinye shi, ya bar mayafi da kafaɗu ba fuska.

Saumu ta ce, "Shangazi," don haka 'ya'yan unguwa ke kiranta, wato goggo, "shekaranjiya Baba yana shan shayi sai ya ajiye kofi ya ce mini, 'Saumu, ina rufe ido ina neman fuskar uwarki, ta ƙi zuwa.' Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar."

Bi Mwantumu ta kwance ledar, ta ɗaga kaset ɗin wajen haske. Ta 'yar tagarsa ana hango fumfuna fari fat a kan zaren, kamar an barbaɗa garin rogo. Ta ɓalle haƙorin tukuna, sannan ta ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba. Zaren nan ya yi laushi. In Allah ya so zai wuce ta cikin akwati sau ɗaya. Na biyu kam ban ɗaukar miki alkawari ba."

Makon nan duk wadda ta kawo aiki sai ta koma da abinta. Bi Mwantumu ta soya ɗanyar shinkafa ba mai har ta bushe ƙayau, ta juye a gwangwani, ta binne kaset ɗin a ciki don ta zuƙe danshin. Bayan 'yan kwanaki ta kwance kusoshinsa, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta zauna a inuwar tsakar gida tana murza zaren da yatsa, yana wucewa ta cikin tsumma mai laushi kaɗan-kaɗan. Bi Chiku ta leƙo ta ce, "Wannan ai ko tsifar kan amarya ba a yi mata haka." Ita dai ta ci gaba da murza zarenta.

Ranar da za a saka shi aka yi sa'a rana ta fito. Ta kira Saumu, ta kira Bi Chiku da yake ita ma tana wurin bikin a wancan lokacin, ta rufe ƙofa. Ta ɗora sabon faifai a dama, ta tura kaset a hagu, ta danna jan maɓalli. Da farko ɗige-ɗige ne kawai da shuuu. Sai ga fitilu, sai ga kiɗa, sai ga mata cike da tsakar wani gida. Bi Chiku ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ga Mwajabu, Allah ya jiƙanta! Kai, ga ni can! Dubi wuyana, jama'a, ina wuyan nan ya tafi?"

Saumu kuwa idonta na bin fuskoki, ba ta san wadda take nema ba. Can sai wata doguwa mai koren leshi ta miƙe ta karɓi abin magana daga hannun mawaƙiya. Bi Chiku ta kama hannun Saumu ta matse. "Ga uwarki nan."

Riziki ta buɗe baki ke nan, sai hoton ya fara dusashewa, ɗige-ɗige suka taso daga ƙasa suka rufe ta. Saumu ta saki ƙara. Bi Mwantumu ta tsayar da komai nan take, ta fitar da kaset, ta buɗe murfin akwatin. Ragowar fumfuna ce ta toshe ƙarfen da ke karanta zaren. Ta yagi farar takarda, ta ɗiga mata sifirit, ta manna a jikin ƙarfen tana juya shi a hankali da ɗaya hannun. Takarda ta fito baƙa. Ta sake wata, ta sake wata, har ta fito fes. Ni da na ji labarin daga bakin Bi Chiku sai da tsigar jikina ta tashi, don ta ce hannun Bi Mwantumu ko rawa bai yi ba, alhali su biyun suna ta salati. Ba ta mayar da zaren baya ba, ta san ba zai jure ba. Ta tura shi daga inda ya tsaya, ta danna. Sai ga Riziki tar, tana tsakiyar baiti.

Da aka kai ƙarshe ta rufe faifan, kowa na roƙon Allah kada a ɗauke wuta kafin ya gama. Da ta zaro kaset ɗin, wani jan gari ne ke zuba daga cikinsa. Bai sake yi ba har yau.

Saumu ta share hawaye ta miƙe. "Bari in je in zo da Baba."

"Zauna," in ji Bi Mwantumu. "Babanki ba zai kalli wannan ba."

"Shangazi! Matarsa ce fa!"

"Matarsa ɗaya ce a ciki. Sauran fa?"

"Haba, ai duk sun tsufa, wa ya damu yanzu?"

"Rabinsu suna kabari. Da suka cire mayafi a ranar nan, sun cire ne don an ce musu ba namiji. Je ki tambayo su, in sun yarda ki dawo."

Saumu ta fita da kuka, ko sallama babu. Bi Chiku ta ce, "Ke kam ba ki da tausayi. Tsohon nan fa ba shi da sauran kwana da yawa." Ranar nan shinkafar Bi Mwantumu a tukunya ta kwana, ba ta ci ba.

Ta yi tunanin yanka faifan ta fitar masa da inda Riziki take ita kaɗai. Sai dai mai kyamarar hannunta ba ya zama wuri ɗaya, ta haska Riziki, ta zarce kan masu rawa, ta dawo. In aka yanka, waƙar za ta zama gutsi-gutsi. Don haka ta zauna ta yi ta maimaita faifan, shi kam ba ya gajiya, har ta haddace inda kyamara ke juyawa, ta san a kan wace kalma take barin fuskar Riziki, a kan wace take dawowa. Ta ɗauko zanen kanga ta rufa wa talabijin, ta ga haske yana ratsowa. Ta haɗa biyu ta ninka, ta sake ninkawa, har ya zama ko inuwa ba a gani.

Wuri ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Bayan an gama waƙar akwai inda aka haska Riziki kusa-kusa tana dariya, amma wata ta rataye a wuyanta, kuma ba kowa ba ce illa Chiku. Ta tsallaka ta same ta a bakin tanda.

"Ni?" in ji Bi Chiku. "Da wannan gashi a tsaye kamar an ja ni daga rijiya? Da riga ba hannu? Mzee Shomari da muke gaisawa kullum in zai wuce masallaci? Allah ya kiyaye! Ki bar ni in mutu da mutuncina."

"Shi ke nan, haƙƙinki ne. Zan rufe wurin."

Aka aika wa Mzee Shomari ya zo bayan la'asar. Ya zo cikin farar kanzu, doguwar rigar maza, da hularsa ta Juma'a, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa zance. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, Saumu a gefensa. Bi Chiku da wasu mata biyu suna bayan labulen ɗaki. Bi Mwantumu ta yafa mayafinta ta tsaya a gefen talabijin, hannu riƙe da bakin zanen.

Ta ce, "Mzee, kunne naka ne gaba ɗaya. Ido kuwa sai inda na ba ka."

Ya ce, "Ko kunnen ma ya ishe ni, Bi Mwantumu. Ban zo kallon matan mutane ba."

Kiɗa ya tashi daga ƙarƙashin zane, da guɗa, da hayaniyar mata. Sai wata murya ta ratsa su duka, siririya, mai zaƙi, ba ta rawa. Tsohon ya karkata kai.

"Wace ce wannan?"

"Mama ce, Baba."

"A'a. Riziki ba ta waƙa. Sai dai ɗan gunguni in tana kankare kwakwa."

Bi Mwantumu ta ɗaga zanen.

Ikon Allah! Ga Riziki ta cika talabijin, ido a lumshe, hannu ɗaya a ƙirji. Mzee Shomari ya yunƙura kamar zai tashi, ya koma ya zauna. Zane ya sauka, muryar ta ci gaba. Zane ya tashi. Ya sauka. Ko sau ɗaya hannun nan bai makara ba, ko gefen ɗankunnen wata bai fito ba. Shi kuwa ko ƙiftawa ba ya yi, leɓensa na motsi. Saumu ta matsa ta ji yana cewa, "Wushirya. Ashe wushiryar na manta."

Waƙa ta ƙare, guɗa ta kaure, zane yana ƙasa. Daga ƙarƙashinsa aka ji muryar wata yarinya mai kaifi tana cewa, "Riziki! Mijinki ya san kina da wannan murya kuwa?"

Sai ga muryar nan dai, ta tsufa ta yi kauri, daga bayan labule: "Ɗaga, Mwantumu! Ɗaga masa, na yafe! Ni ce a wuyanta, ya gani, oho!"

Zanen ya tashi. Riziki tana dariya, wushirya a waje, tana goge gumi da bayan hannu. Ta dubi kyamara kai tsaye ta ce, "Shomari? Kunyarsa nake ji, ba zan iya a gabansa ba. Amma duk waƙar nan shi nake yi wa. Ku dai kada ku gaya masa."

Bi Mwantumu ta tsayar da hoton a kan fuskar, ta kau da kanta gefe. Tsohon ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a farar rigar. Can ya ce, a hankali, yadda mutum ke yi wa matarsa magana in ba kowa, "To ai ga shi kin gaya mini da bakinki."

Babu wadda ba ta yi kuka ba a bayan labulen nan. Kashegari kuma Bi Chiku ta tare Saumu, wai ta bugi cikin tsohon ta ji me ya ce game da gashinta. Saumu ta dawo ta ce, "Ya ce wai akwai wata a gefenta ne?" Har yau Bi Chiku ba ta huce ba.

Daga baya Bi Mwantumu ta yi masa nasa faifan na kansa. Ta juye daga faifai zuwa sabon kaset tana tsayarwa tana saki, ta tsince wuraren Riziki kaɗai da wurin da Chiku ta yafe, sannan ta mayar da su kan wani faifan ta rufe. Cikakken kuwa yana hannun Saumu, a inda mata ke ajiye irinsa.

A watan jiya Bi Mwantumu ta juye kaset ɗinta na ƙarshe. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta ƙara ganin layukan da take daidaitawa. Faifan da ba a ɗauki komai a kai ba ya yi wuyar samu a kasuwa, ƙofar hagu ta akwatin ma sai an tallafa mata da yatsa. Ta goge shi, ta lulluɓe shi da zanensa, ta ce ya huta, ita ma ta huta.

Bi Mwantumu, ke ce kika dawo mana da iyayenmu suna 'yan mata. Ke ce kika tsare mutuncin matattu a ranar da masu rai suka ce ba komai, kuma ba ki bar tsoho ya tafi da ƙishirwa ba. Mun gode. Allah ya haskaka idonki, ya rufa miki asiri duniya da lahira yadda kika rufa mana.

Ku kuma 'yan matan yanzu da kuke shiga biki da waya a hannu, kafin amarya ta zauna kun watsa ta duniya, ku je ku gaishe da matar nan tun tana raye, ku zauna ku koyi yadda ake riƙe abin da ido ya gani. Gidan ba ya ɓata. In kun je ranar Juma'a bayan an sauko, za ku tarar da wani tsoho mai farar kanzu ya tsaya a ƙofar, ba ya shiga. Sallama kawai yake yi, in ta amsa daga ciki sai ya ce, "Bi Mwantumu, Riziki tana gaishe ki," ya wuce.